Tazargade da giyar absint: ganye ɗaya ne, kuma da gaske yana haukata mutum?

Badamagare:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai gare ta, a yi haƙuri da tsawon zance.

Ni mutumin Damagaram ne, shekarata ta biyu ke nan a Besançon da ke gabashin Faransa, ina karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sati uku da suka wuce malaminmu ya kwashe mu zuwa inda kogin Loue yake ɓullowa, kusa da ƙauyen Ouhans. Dutse ne tsaye kamar ganuwa, a gindinsa wani ƙaton kogo, ruwa na fitowa ta bakin kogon da rugugi, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Kogi ne sukutum yake fita daga cikin dutse. Malam ya tambaye mu daga ina ruwan nan yake zuwa, muka yi ta kame-kame, sannan ya ba mu labarin yadda aka gano amsar.

Ranar 11 ga Agusta 1901 tsawa ta faɗa wa masana'antar Pernod da ke garin Pontarlier, wuta ta kama. A nan ake yin wata giya mai suna absint. Don gudun kada tankunan su fashe wuta ta ci gari, sai aka buɗe su, giyar ta kwarara cikin kogin Doubs da ke ratsa garin. Bayan kwana biyu mutanen da ke bakin Loue suka ji ruwansu yana ƙamshin yansun, wani tsiro da ake haɗa giyar da shi, launinsa ma ya sauya. Tsakanin wuraren biyu akwai tudu da tafiyar kilomita goma sha wani abu, kuma babu wata hanyar ruwa da ido ke gani. Ashe Doubs yoyo yake yi ta tsagogin dutse, ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya fito a Loue. Mu yau da wani koren rini muke wannan gwajin. Su gobara ce ta yi musu.

A hanyar dawowa muka tsaya a Pontarlier. A gefen wata gona malam ya tsinko wani ganye ya miƙa mana. Launinsa toka-toka ne, da ɗan gashi mai laushi kamar an barbaɗa masa gari. Na murje shi a hannu na kai hanci. Wallahi nan take na ga kaina a ɗakin kakata, Allah ya jiƙanta. Ƙamshin tazargade ne, wanda take ƙullewa a tsumma ta rataye a jikin ƙusa. Na ɗan taɓa da harshe, ɗacin nan bai bar bakina ba har muka iso Besançon. Malam ya ce da wannan ganyen ake yin absint, kuma shi aka zarga da haukata Faransawa har aka haramta giyar kusan shekara ɗari.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ni ba na shan giya, ba kuma zan sha ba in sha Allahu, ba ita ce damuwata ba. Mahaifiyata ce. Tun lokacin korona ta riƙe tazargade hannu bibbiyu. Da ta ji jikinta ya yi zafi sai ta tafasa shi da lemun tsami ta sha kofi guda, ta yi sirace da sauran, har jikokinta take ba wa. Shi ne nake tambaya: tazargadenmu da ganyen absint abu ɗaya ne? In ɗaya ne, da gaske yana taɓa ƙwaƙwalwa? Wanda kuma ya san tarihin giyar nan da dalilin haramta ta ya taimaka mini, don in san abin da zan faɗa wa tsohuwa. Ba ta barin abu don kawai an ce ta bari, sai da hujja.

Maman Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Haɗa magunguna ne aikina a nan Zariya, kuma tambayar nan na sha ta a 2020 har na gaji.

Hancinka bai yaudare ka ba, dangi ɗaya ne. Sunan dangin Artemisia, kuma suna da ɗaruruwan iri. Wanda aka miƙa maka a Pontarlier shi ne Artemisia absinthium, Larabawa na ce masa afsantin. Akwai Artemisia annua, wanda daga jikinsa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro sinadarin artemisinin, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Shi ne tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem, kuma da shi Madagaska ta haɗa abin shan nan nata na korona da ya sa tazargade ya yi tashe a kasuwanninmu. Namu kuwa, in ka duba takardun binciken da aka yi a nan Zariya za ka ga sun rubuta shi da Artemisia maciverae. Wanda ake aunawa a kasuwa busasshe ne a marmashe, ni kaina ba na yarda in rantse da irinsa daga gani.

Sinadarin da aka ɗora wa laifi sunansa tujon. Yana cikin man da ke jikin ganyen absinthium. In ya yi yawa a jiki yana toshe hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ta lafar da jijiyoyi, sai mutum ya kama jijjiga irin ta farfaɗiya. Wannan gaskiya ne. Inda aka kauce hanya shi ne wajen gwaji. Wani likitan masu taɓin hankali a Paris, Valentin Magnan, ya sa ɓeran Masar a cikin tulun gilashi tare da tsantsar man ganyen, ya sa wani tare da barasa zalla. Na farkon ya kama jijjiga, na biyun ya bugu kawai. Daga nan aka ce ga hujja, absint na da wata cuta tata ta daban. Alhali tsantsar mai daban, abin da ke cikin kwalba daban.

A 2008 wani masanin sinadarai Bajamushe, Dirk Lachenmeier, da abokan aikinsa suka samo kwalabe 13 da aka cika tun kafin haramcin, suka auna. Matsakaicin tujon ɗin da suka samu wajen miligiram 25 ne a lita, bai ma kai 35 ɗin da dokar Tarayyar Turai ta yarda da shi a yau ba. Kafin mutum ya sha abin da tujon ɗinsa zai kayar da shi, barasar ta riga ta kai shi kabari. Ka tuna giyar kwalba da ake sayarwa a mashaya barasarta wajen kashi 5 ne cikin ɗari, absint kuwa tana kaiwa 68, wata 72. Karkarwar hannu da gane-gane da haukan da aka gani a jikin mashayanta, duk alamomin wanda barasa ta cinye ne.

Kada ka ɗauka na wanke ganyen tas. A 1997 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani mutum da ya sayi man ganyen ta intanet ya sha wajen mililita 10, cokali biyu na shayi ke nan. Jijjiga ta kama shi, ƙodarsa ta tsaya, sai da aka kwantar da shi. Saboda haka mai ko tsantsa da ake sayarwa a 'yan kwalabe, kada kowa ya kai shi baki. Tafasasshen ganye da sauƙi, don man ba ya narkewa sosai a ruwa. Kofi ɗaya jefi-jefi ga babba mai lafiya ba zai haukata Inna ba. Amma ban da mai ciki, ban da mai shayarwa, ban da mai farfaɗiya ko ciwon ƙoda, kuma kada a mai da shi shayin kullum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka shi ne jikokin. Na ga yaran da aka riƙe a gida kwana uku ana ɗura musu jiƙo, aka kawo su asibiti jini ya ƙare, idanu sun yi fari fat. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin zazzaɓin cizon sauro da shayin Artemisia ba, ko da annua ne, don ba a san adadin maganin da ke cikin kofin ba. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa a ranar. Wannan za ka fi nanata mata.

Abu Sumayya:

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Ni dai ina jin nauyin a zauna ana zayyana tarihin giya a cikinmu, akwai yara masu karantawa. Hukuncinta a fili yake: duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ko da tujon ko babu, ko Turawa sun hana ko sun halatta, mu bai sauya mana komai ba. Hajiya ta ba ka amsar da kake bukata game da ganyen, a ganina a tsaya nan.

Malam Na Maraɗi:

Abu Sumayya, maganarka a kan hukunci daidai ce, ba mai ja. Amma yaron nan tarihi ya tambaya, kuma ni a ganina wanda ya ji tarihin nan ƙyamar barasa zai ƙara, ba sha'awa ba. Ka bar ni in ba shi abin da na sani.

Ɗana Badamagare, garin da kake na zauna cikinsa wata tara a 1986, lokacin da aka tura mu kwas na malaman Faransanci. A lokacin absint na cikin haramci. Tsohuwar da na zauna a gidanta tana da wasu cokula a cikin durowa, shafaffu masu huji-huji kamar an yi musu zane. Na ɗauka na tace shayi ne. Ta ce na kakanta ne, na absint, ta rage murya da za ta faɗi sunan, alhali mu biyu ne kawai a ɗakin. Wannan rage muryar ce ta sa na shiga bincike.

Asalinta ba Faransa ba ce. Tsallaken iyaka ne, a Suwizalan, wani kwari da ake kira Val-de-Travers, ƙauyen Couvet. A ƙarshen ƙarni na 18 magani ce ake sayarwa, ta ciwon ciki da rashin cin abinci, kamar dai yadda aka san ganyen tun zamanin Fir'aunonin Masar da korar tsutsar ciki. Wasu na danganta haɗin ga wani likita Bafaranshe, Pierre Ordinaire, wasu ga matan gidan Henriod na ƙauyen. A 1797 wani mai suna Dubied ya sayi sirrin haɗin, shi da surukinsa Henri-Louis Pernod suka fara yi don kasuwa. A 1805 Pernod ya tsallako Pontarlier ya kafa masana'antar da ka ji labarin gobararta.

Abin da ya fito da ita duniya yaƙi ne, kuma a nahiyarmu. Da Faransa ta shiga mamayar Aljeriya daga 1830, zazzaɓi da gudawa suna kashe sojojinta ƙwarai. Aka riƙa ba su absint suna zubawa a ruwan sha da sunan rigakafi. Sojan da ya saba da ita a bariki, da ya koma gida sai ya nema a mashaya. Masu kuɗi suka ɗauka, har ƙarfe biyar na yamma ta samu suna a Paris, ana ce mata koriyar sa'a. Giyar kuma suka sa mata koriyar aljana. Masu zane da mawaƙa suka rungume ta. In ka je gidan tarihi na Orsay ka nemi zanen Degas na wajen 1876: mace zaune a mashaya, kofi a gabanta, kafaɗu a sake, idanu ba sa kallon komai. Na daɗe tsaye gaban zanen nan. Ban ga aljana ba, mace na gani wadda rayuwa ta ƙare wa tana zaune.

Sai wani ƙwaro mai suna filoksera ya shigo daga Amurka ya bi saiwar inabi, daga shekarun 1860 ya yi ta cinye gonaki. Giyar inabi ta yi tsada. Masu absint suka koma tatso barasa daga hatsi da wata saiwa mai zaƙi da suke yin sukari da ita, farashi ya faɗi, lebura ma ya samu. Ƙananan 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suka shigo, suna zuba gishirin jan ƙarfe don ta yi kore, da wani sinadari mai guba don ta yi fari in an sa ruwa. Talaka shi ya sha wannan. Lokacin da Faransawa suka shigo Damagaram ɗinku a 1899 tana tsakiyar tashenta a ƙasarsu, kuma zuwa 1910 suna shanye lita miliyan 36 a shekara.

Da gonakin inabi suka farfaɗo, manoman suka tarar an ƙwace musu kasuwa. Nan suka haɗa kai da ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye, tafiyar da ba a taɓa zato ba. A 1907 an yi babban gangami a Paris, takensa shi ne kowa ya goyi bayan giyar inabi a yaƙi absint. Ka ji fa. A wurinsu giyar inabi abinci ce.

Abin da ya ƙarasa ta ya faru a watan Agusta 1905 a ƙauyen Commugny na Suwizalan. Wani manomi, Jean Lanfray, ya harbe matarsa mai ciki da 'ya'yansa mata biyu. A ranar ya sha absint kofi biyu da safe, sannan ya bi da giyar inabi mai yawa da wasu masu zafi har yamma. Jaridu suka manta da sauran, suka kira shi kisan absint. Mutum 82,000 suka sa hannu a takardar neman a hana ta. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1908, haramcin ya shiga kundin tsarin mulkin ƙasar, ya fara aiki a 1910. Beljiyam ta riga su, Holan ta hana a 1909, Amurka a 1912, Faransa ta kafa dokarta a watan Maris 1915 ana tsakiyar yaƙin duniya. Kafin su duka, a Kwango ta Sarki Leopold aka fara hanawa, a 1898.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a yaƙin nan da aka hana absint, gwamnati da kanta take raba wa soja giyar inabi kullum a ramukan daga. An sare reshe ɗaya an bar kututture. Masana'antun Pontarlier sama da ashirin suka durƙushe, amma ɗanɗanon yansun bai bar bakin mutane ba, sai aka cire ganyen aka ci gaba. Giyar pastis da Paul Ricard ya fito da ita a Marseille a 1932 magajiyarta ce. Matar Lanfray da 'ya'yanta barasa ce ta kashe su, kuma barasar ba a taɓa ta ba.

Ɗalibar Fas:

Baba Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ƙarin da zan yi kaɗan ne. A nan Maroko in sanyi ya shigo na'ana'a ta yi wuya, wani ganye suke sa wa a shayi, suna kiransa shiba, shi ma ɗan dangin nan ne. Matar da nake haya a gidanta tana tsoma reshe ɗaya a butar shayi, kafin ka ƙirga talatin ta cire. Ta ce in ya daɗe ɗaci zai kashe shayin, kuma ba ta ba wa surukarta mai ciki. Tsofaffi da malamai duk suna sha, ban ji an ce ya taɓa kan kowa ba.

Badamagare:

Na gode ƙwarai, Anti Maman Khalifa, Baba Malam, da ke 'yar'uwa ta Fas. Malam Abu Sumayya, na ji nasiharka, kuma ban kai komai bakina ba. Amma na ga ya kamata in dawo in faɗi abin da na gani, don Asabar ɗin nan na bi sawun maganar Baba har Val-de-Travers.

Akwai gidan tarihin absint a ƙauyen Môtiers, an buɗe shi a 2014. Ginin tsohuwar kotu ce, inda ake gurfanar da masu dafa ta a ɓoye. Don mutanen kwarin ba su taɓa dainawa ba: daga 1910 har ranar 1 ga Maris 2005 da Suwizalan ta ɗage haramcin, suna yi a ɗakunan ƙasa da bayan rumbuna. Faransa sai 2011 ta soke tata dokar. Kusa da nan, a Boveresse, na ga rumfar shanya ganye ta katako, hawa-hawa, an gina ta a 1893, jikinta duk tagogi don iska ta ratsa. A inuwa ake busar da ganyen, ba a rana ba, kamar yadda ake wa kuka in ana so ta riƙe korenta.

Wani dattijo mai ƙaramar masana'anta ya nuna mana aikin. Abu uku ne ginshiƙi: ganyen absint, yansun, da shammar, waɗannan biyun dai da muke saye a shagunan maganin Musulunci. Ana jiƙa su a barasa mai ƙarfi su kwana, a ƙara ruwa, a zuba a tukunyar jan ƙarfe mai murfi kamar hula da dogon wuya, a sa wuta a hankali. Tururin ya bi wuyan, ya ratsa wani bututu mai murɗe a cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa yana ɗiga. Na farkon da ya fito a ware, na ƙarshen ma a ware, na tsakiya ake so. Sunan tukunyar alambik, ya ce daga Larabci ne, al-inbiƙ. Ya buɗe ta bayan an gama ya nuna mini dusar da ta rage, baƙa-baƙa, ya ce ɗacin nan da na ji a Pontarlier ba ya tashi da tururi, a gindin tukunya yake zama, ƙamshin ne kawai ke haurawa. Wannan ya tsaya mini a rai, don Inna kishiyar haka take yi: ruwan gindin tukunyar take sha.

Abin da ke fitowa fari ne kar kamar ruwa. Masu son kore sai su ɗumama wani kaso su jiƙa wasu ganyaye a ciki, ƙaramin absint da hisop da wani mai ƙamshin lemun tsami da suke kira melis, koren ganyen ya sauka, a tace. Mutanen kwarin a zamanin ɓoyo ba sa rina tasu, don kada jami'i ya gane ta daga gani.

Cokalin da Baba ya gani a durowa, na ga yadda ake aiki da shi. Wani abokin karatuna Bafaranshe ne ya saya, ni ina gefe ina kallo. Aka zuba kaɗan a gindin kofi, bai fi cokali biyu na miya ba. Aka gitta cokalin a bakin kofin, aka ɗora ƙwayar sukarin kwali ɗaya. A tsakiyar tebur akwai wani tulun gilashi mai doguwar ƙafa cike da ruwan ƙanƙara, da 'yan famfuna huɗu a jikinsa. Aka murɗa ɗaya kaɗan, ruwa na sauka ɗis, ɗis, a kan sukarin, yana narkewa yana bi ta hujin. Kowane ɗigo in ya faɗa sai ka ga wani farin zare ya murɗa a cikin koren, har gindin kofin ya fara yin hazo, hazon ya yi ta hawa sama, a ƙarshe duka ya koma kamar farau-farau. Wanda ya taɓa zuba Dettol a bokitin wanka ya san abin da nake nufi. Dalilin ma kusan ɗaya ne: man yansun yana narkewa a barasa amma ba ya narkewa a ruwa, da ruwa ya yi yawa sai ya fito ya warwatsu. Ana sa ruwa ninki uku zuwa biyar, kuma abin ya ɗauki mintuna. Wani ya tambayi dattijon batun cinna wa sukarin wuta, ya ɓata fuska, ya ce wannan a mashayun ƙasar Cek aka ƙirƙiro shi a shekarun 1990, kakanninsa ba su san shi ba.

A bango akwai wata tsohuwar takardar yaƙi da absint, an zana ƙwarangwal yana zuba wa mutum a kofi. Na tuna maganar Baba, na tsaya ina tunanin yaran nan biyu na Commugny.

Jiya da daddare na kira Inna, muka yi kusan awa guda. Ban ce mata ganyenta na haukatarwa ba, tunda ba haka ba ne. Na karanta mata saƙon Anti daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin yaran da aka kawo jini ya ƙare ta yi shiru, sannan ta ce a gaishe da likitar. Ta ce ita kam kofinta ɗaya in sanyi ya kama ta ba za ta bari ba, uwarta ma da shi ta tsufa. Amma ta yarda jikokin a daina ba su, kuma matar yayana da ke da ciki wata biyar ta daina ko siracen. Na tura wa ƙanwata kuɗin gwajin jini ta ajiye a hannunta, don kada rashin kuɗi ya sa a jira.

Akwai wani ɗan garinmu da zai taso ƙarshen wata, na ce a ba shi tazargaden Inna cikin tafin hannu ɗaya, wanda bai marmashe ba, mai fure in an samu. Zan kai wa malamar ilimin tsirrai da ke sashenmu ta duba mini irinsa. Anti, in sakamakon ya fito zan turo miki.